Ko Ya Kamata A Kira Wa Yaro Dodo Don Ya Yi Barci?

 Zancen da na zo da shi yau ƙarami ne a ido, gama zancen ɗan yaye ne da kukansa na dare. Amma wanda ya bi shi sannu zai tarar da babbar tambaya a ƙarƙashinsa, watau ko ya halatta babba ya yi wa ƙarami ƙarya domin ya sami hutawa. Na kawo muku shi ne don na san da yawanku kuna da ƙanne da a ke bar muku, kuma in Allah ya ja kwana ku ne iyayen gobe.

Kowa a cikinku ya san irin wannan dare. An ci tuwo, an gama hira, an kashe fitila, gari ya yi tsit, sai ɗan shekara biyu ya tashi zaune bisa tabarma ya ɓarke da kuka. Uwarsa ta wuni tana surfe da wanki da ɗiban ruwa, jikinta duk ya mutu. Ta jijjiga shi, ya ƙi. Ta ba shi ruwa, ya ture. Da ta rasa dabara sai ta ce, "Yi shiru, ga Dodo nan a bakin ƙofa!" Wani sa'i ma yayansa ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ko ya kwaikwayi kukan kura. Nan da nan yaro ya haɗiye kukansa, ya ƙanƙame uwarsa, ya runtse ido. Gida ya sami barci. To, an yi daidai ke nan?

Kafin in amsa, bari in faɗi nawa laifin, kada ku zaci wa'azin marar zunubi ku ke ji. Ina ɗan shekara 10 aka yaye ƙanwata, aka kawo ta ɗakin kakarmu inda ni ma na ke kwana. Kullum dare sai ta farka tana kiran Inna. Da abin ya ishe ni sai na ƙago dabara: da ta fara, sai in karci asabari da farce, in yi gurnani can cikin maƙogwaro. Ta kan yi tsit kamar an ɗauke ruwa, ni kuwa in koma barci ina jin kaina gwani. Ashe ɓarna na ke shukawa. Yarinyar nan har ta kai shekara 7 ba ta iya taka tsakar gida ita kaɗai bayan magariba. Ta gwammace ta yi fitsarin kwance ta sha faɗa da safe da ta fita bayan ɗaki cikin duhu, ni da na jawo abin kuwa ina cikin masu yi mata dariya. Ban gane girman abin da na yi ba sai da na shiga kwalejin horon malamai, aka karantar da mu halin yara.

Abu na fari da ya kamata mu sani shi ne abin da ke tashin yaro. Mutane su kan zaci barci kamar rijiya ne, a faɗa da dare a fito da asuba. Ba haka ya ke ba. A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka bayyana cewa akwai wani irin barci wanda idanun mai barci ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma a cikinsa ne a ke yawan yin mafarki. Daga nan aka gane barci zagaye ya ke yi, daga marar nauyi zuwa mai nauyi, zuwa na mafarki, sa'an nan ya sake komowa. Zagayen babba ya kan ɗauki kamar minti 90, na jariri kuwa kamar minti 50 zuwa 60, yana tsawo a hankali yayin da yaro ke girma. Tsakanin zagaye da zagaye kowa ya kan ɗan farka, har ni, har ku. Babba ya juya ya gyara mayafi ya koma, da safe bai ko tuna ba. Yaro kuwa in ya yi barci a bayan uwarsa, ya farka ya tarar da kansa a shimfiɗa cikin duhu, babu ɗumin da ya sani, dole ya yi kira. Ku gwada kanku: in kun kwanta a ɗakinku kuka farka a zaure, za ku koma barci ba tare da kun tambayi yadda aka yi ba?

Ban da wannan akwai abubuwan jiki. Haƙoran nono guda 20 ne, ba su kan gama fitowa ba sai yaro ya kusa shekara 3. Ga sauro, ga kuɗin cizo, ga ciwon kunne, ga ƙananan tsutsotsin ciki masu sa ƙaiƙayi a dubura da dare, ga zafin bazara da sanyin hunturu. Ga kuma gajiya mai yawa, gama yaron da ya wuce lokacin barcinsa ya fi wuyar kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da kwana, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa awa 10 zuwa 13. Sa'an nan ku ƙara da yaye. A rana ɗaya a ka raba shi da nono, a gidaje da yawa kuma a raba shi da ɗakin uwarsa a kai shi wurin kaka. Mu manya mun san kwana kaɗan ne. Shi bai san gobe ba, balle jibi.

Abu na biyu shi ne yadda duniya ta ke a idon ɗan yaro. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya yi ta tambayar yara game da mafarki, ya buga abin da ya samu a 1926. Ya tarar ƙananan cikinsu suna ɗauka mafarki daga waje ya ke zuwa, kuma a cikin ɗaki ya ke faruwa, gaban idonsu. Watau yaron da ya yi mafarkin kare, a wurinsa kare ya shigo ɗakin da gaske. Rigar da aka rataya a bango ta zama mutum a tsaye, kukan mujiya ya zama murya mai kiransa. Saboda haka in ya ce yana jin tsoro, ba shagwaɓa ba ce, iyakar gaskiyarsa ya faɗa. Yana da idon gani da kunnen ji, amma ma'aunin da zai raba abin da ke nan da abin da babu, bai tsiro masa ba tukuna. Wannan ma'auni a hannun manya ya ke aro shi. Abin da Inna ta ce akwai, akwai shi. Abin da Baba ya ce babu, babu shi.

To, yanzu bari mu ba masu kiran Dodo haƙƙinsu, gama ba mugaye ba ne, iyayenmu ne da kakanninmu. Hujjarsu uku ce. Suka ce dabarar tana ci nan take, kuma uwar da za ta tashi da asuba ta hura wuta tana da haƙƙin barci. Suka ce tsoro yana tsare yaro: wanda aka ce masa akwai Dodo cikin rijiya ba zai leƙa rijiya ba. Suka kuma ce, "Mu ma haka aka yi mana, ga mu mun girma." Duk cikin ukun nan akwai ƙwayar gaskiya, musamman ta fari. Duk namijin da bai taɓa raba dare yana jijjiga yaro ba, ya sassauta harshensa a kan mata.

Amma ku dubi abin da a ke biya. Na ɗaya, tsoro abu ne da a ke koyo, kuma in ya shiga ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. A 1920, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka gwada wannan a kan wani jariri ɗan wata 11. Da fari suna nuna masa farin ɓera, ba ya tsoronsa, har ya kan miƙa hannu. Sai suka riƙa dukan sandar ƙarfe da guduma a bayan kansa duk sa'ad da ɓeran ya zo. Bayan an yi haka sau bakwai, ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka, har zomo da kare da rigar gashi ya riƙa gudu. Masana na yanzu suna zargin wannan gwaji ƙwarai, don zalunci ne, kuma yaro ɗaya ba ya isa hujja. Amma mu ba mu bukatar gudumar Bature kafin mu yarda, gama kakanninmu sun riga sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Uwa ta ajiye Dodo a bakin ƙofa na dare ɗaya, shi kuwa ya bazu ya cika bayan rumbu da makewayi da hanyar masallaci. Ga abin mamaki kuma: an kira shi don a sami barci, alhali shi ne zai riƙa tashin yaron gobe da jibi. Maganin ya zama cutar.

Na biyu, ƙarya ƙarya ce ko ga wanda bai iya magana sosai ba. Cikin littafin hadisi na Abu Dawuda an ruwaito cewa wata rana mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro, ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. To, in alkawarin dabino ɗaya ana rubuta shi, ina ga ƙirƙiro dodon da zai cinye yaro? A littafin nan kuma an ruwaito hanin a firgita Musulmi, dalilin hanin kuwa wasa ne kawai wasu sahabbai suka yi wa ɗan'uwansu da ya yi barci a kan tafiya. In an hana a firgita ƙato mai gemu da wasa, ɗan shekara biyu ya fi cancantar a tsare shi.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Maganar babba a kunnen yaro jari ce, in an kashe ta a banza ba a samunta ranar bukata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana yaro zai leƙa bakin ƙofa ya ga babu kowa. Ran nan ya koyi darasi biyu: babu Dodo, kuma Inna ta kan faɗi abin da babu. Gobe in ta ce kada ya sa hannu a ramin nan akwai kunama, me zai sa ya yarda? Ya kuma koyi darasi na uku, wanda ya fi muni, watau mai ƙarfi yana da izinin ya ruɗi marar ƙarfi in hakan zai sauƙaƙa masa. Ni ne shaida, gama abin da aka yi mini shi na yi wa ƙanwata. Game da rijiya kuwa, gaskiya ta isa. Rijiya tana da zurfi, wanda ya faɗa ba ya fitowa da kansa. Wannan tsoro ne na hankali, yana girma tare da yaro ya zama taka tsantsan. A faɗa masa haka, a kuma yi wa rijiyar murfi, gama murfi ya fi Dodo tsaron rai.

Wani zai tashi daga ɗaya gefen ya ce, "Malam, in an riƙa lallashin yaro duk sa'ad da ya yi kuka, ai rago za a yi. A bar shi cikin duhu ya saba, haka a ke yin jarumi." Wannan ma ya cancanci amsa. A shekarun 1954 da 1955 wata masaniya, Mary Ainsworth, ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kewayen Kampala ta ƙasar Yuganda, tana kallon zaman uwa da ɗa. Ta lura cewa jariran da suka amince uwarsu za ta amsa in sun kira, su ne masu ƙarancin kuka, kuma su ne ke rarrafawa su yi nisa suna binciken ɗaki, su waiwayo su gan ta, su ƙara gaba. Waɗanda ba su da wannan amincewa su ne masu yawan kuka da manne wa zane. Ashe ƙarfin zuciya daga aminci ya ke tsirowa. Mafarauci ma da ya san hanyar gida shi ke kutsawa cikin daji.

Littattafan addini sun riga masana zuwa nan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya kan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita don tausayin uwarsa. Ku kuma 'yan makarantar Mishan kun karanta cikin Linjila ta Markus, sura ta 10, yadda almajirai suka kwaɓi masu kawo yara ƙanana wurin Isa Almasihu, shi kuwa ransa ya ɓaci da hanin, ya rungume yaran ya sa musu albarka. Babu cikinmu wanda barcinsa ya fi salla girma.

Kada fa a ɗauka cewa na ce a bi son zuciyar yaro. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaro ya kan gane da wuri cewa kuka yana buɗe ƙofofi, in aka tashi aka dafa masa abinci ko aka shiga wasa da shi da tsakar dare, gobe zai nemi haka. Tausayi daban, sakaci daban. Ana iya ce wa yaro, "Dare ne, lokacin barci ne, ba za mu fita ba," a tsaya a kan haka ba tare da duka ko ƙarya ba. Abin da na ke ƙi shi ne a tanƙwara iccen da wuta.

To, me za a yi? Ga abin da na gani yana amfani. A tsayar da lokacin kwanciya, a kuma riƙa bin tsari ɗaya kullum: abinci, wanke jiki, fitsari, 'yar tatsuniya, addu'a, sa'an nan kwanciya cikin gidan sauro. Abin da yaro ya san zuwansa ba ya firgita shi. Tatsuniyar kuwa a zaɓa, a ba shi ta wayon Gizo da Ƙoƙi, a ajiye wa manyan yara waɗanda a ke haɗiye mutane a ciki. A kau da talabijin da waya daga gabansa tun kafin lokacin barci, gama abin da ido ya gani da dare shi ke komowa cikin mafarki. A'isha ta ruwaito cewa Annabi in zai kwanta ya kan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannunsa ya shafe jikinsa. Uwar da ta yi wa ɗanta haka, ko ta yi masa addu'ar da addininta ya koya mata, ta ba shi abin riƙewa cikin duhu. In yana tsoron duhun, a bar 'yar fitila nesa da shimfiɗa, inda hannu ko zane ba zai kai ba.

In ya nuna wani abu ya ce ga shi can, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi kamar ana korar abin da sanda, gama wannan tabbatar masa ne cewa akwai shi. A ɗauki fitila a kama hannunsa a je tare, ya taɓa da kansa ya ga rigar Baba ce. Gani ya kori ji. A 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta warkar da wani yaro ɗan kusan shekara 3 mai tsoron zomo. Ta riƙa ajiye zomon can nesa sa'ad da yaron ke cin abincin da ya ke so, kullum tana matso da shi kaɗan, tana kuma sa shi cikin yaran da ba su tsoron zomo, har ya kai ga taɓa shi. Haka a ke yi da duhu, taki ɗaya yau, taki biyu gobe. In za a fita a bar shi, a ce, "Zan je in rufe kaji in komo," sa'an nan lalle a komo. Kowace komowa tubali ce cikin ginin amincewarsa.

Ku kuma san bambancin mugun mafarki da firgitar dare. Mai mugun mafarki ya kan farka sosai, galibi can wajen ƙarshen dare, ya gane uwarsa, ya nemi a rungume shi. Mai firgita kuwa ya kan zabura a farkon dare yana ihu, ido buɗe, gumi na zuba, amma bai san kowa ba, gama cikin barci mai nauyi ya ke. Kada a girgiza shi don a tashe shi. A tsare shi kada ya bugu, cikin 'yan mintoci zai lafa, da safe ba zai tuna kome ba, kuma yawancin yara su kan bar shi da girma. Amma in jikinsa da zafi, ko ya sanƙare yana taune-taune, ko numfashinsa yana sarƙewa, wannan ba zancen lallashi ba ne, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran gari ya waye. Kada kuma a ɗura wa yaro maganin sa barci in ba likita ne ya rubuta ba.

Saura magana ɗaya ga 'yan maza. Yawancin Dodon da a ke kira a gidajenmu, gajiyar uwa ce ta haife shi. In da akwai hannu na biyu da zai karɓi yaron, da ba a bukace shi ba. Saboda haka wanda ya ke so a bar tsorata yara, ya tashi ya karɓi goyo. Ni kaina an jarraba ni kwanan baya. Ina gyaran littattafan 'yan ajina da dare, 'yata mai shekara biyu da rabi ta farka karo na uku, uwarta kuwa ba ta da lafiya. Wallahi sunan Dodo ya zo har bakina. Sai na tuna da ƙanwata da asabarin nan, na ajiye jan alƙalami, na ɗauke ta muka zagaya ɗakin da fitila, muka gaishe da buta da tabarma da rigar da ke bango, kowanne da sunansa. Ta yi barci a kafaɗata. Littattafan ba su gyaru ba sai da asuba, na shiga aji ina hamma, amma ban yi da-na-sani ba.

Ya ku 'yan makaranta, kuna koyon karatu don ku raba gaskiya da ƙarya a kan takarda. Ku fara gwada ilmin nan a ɗakin kwananku. Daren yau in ƙaninku ya farka yana kuka, ku tuna duk abin da kuka ce masa akwai a cikin duhu zai yarda, don bai da wata shaida sai ku. Ku gaya masa abin da ke nan da gaske: ga bango, ga ƙofa a rufe, ga Inna tana barci, ga ku a kusa da shi. Allah ya raya mana ƙannenmu cikin aminci, ya ba mu haƙurin renonsu, amin.